Ruwan da Na Ɗauko daga Tsibirin Yayyafi

Da sunan Wanda ya halicci wuta ya halicci ruwa, ya ajiye ƙarfe a tsakaninsu, ya ba bawa ƙafar tafiya ya kuma ƙaddara masa inda za ta tsaya. Ni ne Tunau ɗan Korau, maƙeri ɗan maƙeri, mutumin Dutsin Gauraka. Ku matso kusa, muryata ba ta kai bakin ƙofa yanzu. Wanda bai ji ba kada ya ce in maimaita, don labarin nan na ba da shi har ya ishe ni.

Gidanmu ne ke ƙera takubban mayaƙan garinmu tun kaka da kakanni. Wata shekara mahara suka zo daga arewa, Barden garinmu ya fita da takobin da mahaifina ya ƙera masa. Sara na farko takobin ya karye biyu kamar karan dawa, Barde kuwa gawarsa aka kawo. Sarki ya tara jama'a, aka zube guntayen a gaban mahaifina, aka kawo wani takobi da aka ƙwace a hannun mahari. Aka lanƙwasa shi har tsininsa ya kusa taɓa ƙota, aka sake shi, ya miƙe sar. A jikinsa akwai zanen kyarkeci yana gudu. Sarki ya ce daga ranar fartanya da lauje kawai gidan Korau zai ƙera, sai in wani daga cikinmu ya ƙera da hannunsa takobin da zai yi abin da wannan ya yi.

Mahaifina ya tashi daga gaban Sarki. Ya koma gida ya ci gaba da dukan fartanya, amma mutumin da muka sani bai dawo daga fada ba. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, na same shi a rumfar maƙera.

Na ce, "Baba, zan je in ga inda ake yin irin takobin nan."

Bai ɗago ba. Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Kai wannan, ka san inda ƙasar take?"

"Zan yi ta tambaya."

"To, Allah ya tsare. In ka samo, ka kawo gida. In ba ka samo ba, ka kawo kanka. Ƙanenka Cindo ba zai iya zuga da duka shi kaɗai ba."

Na bi ayari muka ratsa rairayi. Kowace kasuwa na shiga sai in zana kyarkecin nan a ƙasa, kowane ɗan kasuwa kuma sai ya nuna mini arewa da leɓe ya ci gaba da harkarsa. Na yi gyaran sarƙa a wani birni na bakin teku, na yi gyaran ƙugiya a jirgin ruwa inda na amayar da duk abin da na taɓa ci tun yaye. Na ga kifin da ya fi zauren nan girma yana feshin ruwa ta tsakar ka. Kada ku tambaye ni game da kifin, ban je don shi ba. Gemuna ya cika kafin wani matuƙi ya dubi zanen ya ce, "Wannan aikin Kwarin Kyarkeci ne, a Tsibirin Yayyafi. Amma me ka yi wa Allah da za ka je can?"

Da na sauka na gane tambayarsa. Ƙasa ce da sama ba ta daina zuba. Rana sai ta yi mako ba ta leƙo ba, in ta leƙo ma kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Mutanen kuwa na tarar suna yanka juna, rabi na bayan sarkinsu, rabi na bayan majalisarsa, kowa na rantsuwa Allah na tare da shi. Ban yi nisa da tashar jirgi ba wasu mahaya suka tare ni. Shugabansu, Kyaftin Hakisli, ya kama hannuna ya juya, ya ga kantar masaba, ya yi wa mutanensa magana. A ranar na zama maƙerin rundunarsa ba tare da an tambaye ni ba.

A can dawakai ma takalmi suke sawa, na ƙarfe, ana buga musu da ƙusa, kuma wannan ne aikin da aka ba ni. Kowane mahayi na da rigar fatar sa mai kauri, da farantin ƙarfe a ƙirji, da kwalkwali mai jela a ƙeya. Gajerun bindigogi biyu na rataye a gaban sirdi. In za su kai hari sai su jeru gwiwa na gugar gwiwa, su harba bindigogin sau ɗaya, rabi ma ruwan sama ya hana su tashi, sannan su zare takubba. Nan ne aikin gaske yake. Takobinsu miƙaƙƙe ne, baki ɗaya ke da kaifi, bayan kuma kauri, ƙotar na cikin wani kwandon ƙarfe da ke rufe hannu. A jikin kowanne ga kyarkecina yana gudu. Na riƙa shafa su kamar mahaukaci, mahayan na yi mini dariya.

Wata rana abokan gaba suka ritsa mu a cikin fadama, dawakai suka nutse har ciki, aka yi wa rundunar kaca-kaca. Na kwanta a bayan mataccen doki na yi lamo har aka watse. Na riga na ji cewa mutanen Kwarin Kyarkeci ba sa korar wanda ya mayar musu da takobinsu, don suna ganin abin kunya ne aikinsu ya yi tsatsa a daji. Na tsinci waɗanda zan iya ɗauka, na ɗaure a bargon doki, na saɓa. Haka na isa ƙofar kwarin, jiƙe sharkaf, da damin takubban matattu a kafaɗa.

Kwarin na tsakanin duwatsu biyu, ƙofarsa ɗaya. Wani kogi mai suna Darwal ya ratsa shi, yana juya manyan ƙafafun katako irin na amalanke, su kuma suna ɗaga guduma suna saki ba hannun kowa. Aikin an raba shi uku. Akwai masu duka, akwai masu wasi, akwai masu shayarwa, wato waɗanda ke tsoma takobi a ruwa yana da zafi don ya yi ƙarfi. Wani ba ya leƙa aikin wani. Duka na iya tun a gida, kuma ban ga abin da suka fi mahaifina ba. Na san abin da na zo nema yana ɗakin shayarwa, amma baƙo a wurin wasi yake farawa.

Ba a tsaye ake wasi ba. Mutum zai yi rub da ciki a kan katako, a ƙarƙashinsa dutsen wasi wanda ya fi shi tsawo yana juyawa cikin ruwan sanyi, ya danna takobi da dukkan nauyinsa tun safe har yamma. Kowane mai wasi na da kare da ke kwanciya a kan ƙafafunsa don ɗumi. Da aka kawo mini nawa na ce Allah ya kiyaye. Maƙwabcina a katako, wani siriri mai tari da ake kira Gilbat, ya dube ni.

Ya ce, "Baƙo, karɓi karen."

Na ce, "A garinmu kare ba ya hawa mutum."

"A garinku akwai sanyin da ke cinye yatsun ƙafa? Wanda ka gada a katakon nan ma haka ya ce. Yana can bakin ƙofa da sanda biyu."

Na yi ta maza har yatsuna suka fara baƙi, sannan na kira karen da kaina. Kullum sai in wanke wandona kafin salla, wandon kuma ba ya bushewa a ƙasar nan. Shekarun da na yi a katakon nan ban ƙirga ba, na dai san karnuka biyu sun tsufa sun mutu a kan ƙafafuna. Duk lokacin da na ce zan haƙura, sai in tuna guntayen nan biyu a gaban mahaifina.

Shugaban masu shayarwa wani tsoho ne, Maigida Olbirit. Yaƙi ya cinye 'ya'yansa maza, idonsa kuma ya fara dushewa. Ya zaɓe ni don hannuna ba ya rawa, kuma ba ni da ɗan'uwa a tsibirin da zan raɗa wa magana. Dattawan kwarin ba su sa ni rantsuwa ba, sun ce rantsuwata da littafinsu ba za ta ci ni ba. Sai kawai suka kai ni gindin wata bishiya a bakin ƙofar kwarin, suka nuna mini igiya, suka gaya mini doka biyu. Wanda ya shiga ɗakin shayarwa ba ya barin kwarin muddin idonsa na gani. Ruwan Darwal kuma ko ɗigo ba ya fita a cikin tulu ko kwalba.

Ɗakin ba taga ko ɗaya. Na tambayi dalili, Maigida ya ce don kada a leƙa. Daga nan ya ɗora hannuna a kan kwamin ruwa.

Ya ce, "Sirrin yana nan, Baƙo. Kakanninmu sun zaga koguna da yawa kafin su sami wannan. Ido bawan ruwa ne kawai. Aikinsa ya gaya maka lokacin da ƙarfe ke jin ƙishi."

Lokacin kuwa shi ne sa'ad da takobi ya yi wani ja mai duhu, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. In an wuce shi ƙarfe ya ƙone, zai karye. Na zuba wa garwashi ido wata da watanni har jan nan ya zauna mini a kai. Ranar da na shayar da takobina na farko, Maigida ya kafa tsininsa a ƙasa ya danna, ya lanƙwashe, ya sake shi ya miƙe. Na fita bayan ɗakin na yi kuka kamar yaro. Ga abin a hannuna, ga igiya a bakin ƙofa.

Hayaƙi da kallon wuta ke cin idon masu shayarwa, ba wanda ke tsira. Maigida ya makance sarai a gabana. Bayan wasu shekaru ni ma na fara ganin wani gizo-gizo a idona na hagu, hankalina ya tashi. In na jira a sallame ni bisa doka, zan kai gida da ido matacce, kuma mataccen ido ba ya shayar da takobi. Na yanke shawarar in makance tun da sauran gani. Na fara karo da kwami, ina laluben ƙofa, ina miƙa wa wasu takubba su tsoma. Gilbat kaɗai na gaya wa gaskiya. A lokacin tarinsa ya fara fitar da jini, ƙurar dutse ta gama da huhunsa.

Ya ce, "Ka san yadda suke gwaji? Za su zaunar da kai, su kawo jan takobi a hankali zuwa fuskarka. Na ga an rataye mutum biyu. Na farko ya kauce da wuri. Na biyu ya daure bai motsa ba sam, sai suka gane. Makaho na gaske ba ya ganin wuta, amma yana jin ta. Ka bari sai ta fara cin ka, sannan ka zabura."

Haka aka yi. Suka zaunar da ni a tsakar kwarin, dattawa kewaye da ni. Ina kallon tsinin nan yana tahowa, ja wur, na kafe idona a kan dutsen da ke bayansu ina karanta duk abin da na haddace. Sai da na ji ƙaurin gemuna da raɗaɗi a kunci, sannan na yi tsalle na faɗi da kujerar. Tabon na nan, wanda ke so ya zo ya taɓa. Dattawa suka ce Baƙo ya gama, a sallame shi.

Saura ruwa. Lokacin hunturunsu ne, sanyin da ke mayar da kogi dutse har mutum ya taka ya wuce. Al'adarsu in za a sallami wanda ya taɓa yin wasi, ana ba shi tsohon dutsen wasi ya tafi da shi. Gilbat ya sassaƙo ƙanƙarar Darwal ya yi mata siffar dutsen, ya naɗe a ciyawa, ya jera su biyu a amalanke. Masu gadi suka zazzage butata, suka shinshina kayana, suka ƙwanƙwasa duwatsun ta cikin ciyawa suka ji tauri, suka buɗe ƙofa. Gilbat ya rako ni har nan yana jan hannuna.

Ya ce, "In ka kai, ka zauna a rana a madadina."

Ban sake jin labarinsa ba, amma da irin tarin nan na san bai daɗe ba. A gari na gaba na narkar da ƙanƙarar a 'yar gangar katako, na toshe da kaki.

Komawa ta fi zuwa wuya, don yanzu da tsufa nake tafe. Na rungumi gangar nan a jirgi, na kwana da ita a kasuwanni. A cikin rairayi rijiya ta ƙafe mana, harshena ya kumbura, ina jin ruwa na motsi a gangar da na yi matashi da ita, ban buɗe ba. Abin da ban yi tsammani ba shi ne rana. Idon da ya yi shekara da shekaru a duhu bai iya ɗaukar hasken rairayi ba. Ya yi ta zubar da ruwa, gizo-gizon ya bazu zuwa dama. Kafin mu hango Dutsin Gauraka, makantar da na yi ta ƙarya ta zama gaskiya. Haske da duhu kawai nake rabewa.

Wani ya ja ni har ƙofar gidanmu. Na ji ƙarar masaba, na yi sallama. Dukan ya tsaya.

Wata murya ta tsoho ta ce, "Yaya?"

Na ce, "Cindo, ina Baba?"

"Ya daɗe da rasuwa, Yaya. Har ya bar duniya fartanya yake duka."

Na zauna a ƙasa, a nan inda nake tsaye. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya warkarwa. Amma sunan gidan na nan a ƙasa inda aka yar da shi, ga ganga kuma na kawo. Bayan na huta muka shiga rumfar maƙera, wadda take yadda na bar ta, ginshiƙi huɗu da rufin kara, rana na shiga ta ko'ina. Muka ƙera takubba. Na ce wa Cindo shi ne idona, in ƙarfe ya yi ja mai duhu kamar tofin goro ya gaya mini.

Muka sa na farko a wuta. Na ji a jikina lokaci ya yi, na ce, "Yaya yake?"

"Baƙi ne har yanzu, Yaya."

Aka ƙara zuga. Da ya ce ya yi ja na tsoma a ruwan Darwal, na ji ƙarar ta yi tsanani, ba irin wadda na saba ji ba. Muka lanƙwasa, ya karye. Na biyu ma ya karye. Kwana da kwanaki muna yi, ina zagin idon Cindo, shi yana haƙuri da ni, ruwan na raguwa, har ranar da na kife gangar ban ji ɗigo ba. Mutanen unguwa da ke taruwa kallo suka daina zuwa, don sun fara jin kunyata.

Takobi ɗaya ya rage. Cindo ya ce mu gama da shi ko da ruwan rijiyar gida ne, kada ƙarfen ya tafi a banza. Na bar shi ya yi, ba ni da sauran ƙarfin gardama. Yana cikin zuga sai hadari ya taso daga gabas, na ji iska ta canja, ɗan hasken da nake rabewa ya ɗauke. Zugazugin ya tsaya.

Ya ce, "Yaya, abin mamaki. Yanzun nan baƙi ne, da gari ya rufe sai ga shi ja. Irin jan da kake faɗa."

Na ce, "Ka ƙara zuga?"

"Ban ƙara ba."

Na tuna ƙasar da ba rana, na tuna ɗakin da ba taga. A hasken ranarmu jan nan ba ya ganuwa, sai ƙarfe ya riga ya ƙone sannan ido ke kama shi. Haka mahaifina ya shayar da takobin Barde, haka kakansa ya yi. Mutanen kwarin kuwa suna rataye mutum a kan kwalbar ruwa, ba su taɓa sanin abin da suke da shi ba.

Na ce, "Tsoma."

Ƙarar ta fito daidai. Da muka gama da shi, Cindo ya kafa tsinin a ƙasa ya ɗora hannuna a ƙota, na danna da nauyina. Ya lanƙwashe har na ji ƙotar ta kusa gwiwata. Na sake shi. Na bi bayansa da yatsa tun daga sama har ƙasa, ba karkata ko kaɗan.

Ruwan sama ya sauko yana dukan rufin kara. Can Cindo ya tashi, na ji yana jawo zanan da ke jingine da rumbu, yana ɗaure su a ginshiƙan rumfar ɗaya bayan ɗaya har ya kewaye ta, ciki ya yi duhu. Ya dawo ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, "Yaya, shi ke nan? Zana kawai?"

Na ce, "Shi ke nan."

Sarkin da ke kan gado yanzu jikan wancan ne, sai da aka nemo wani tsohon bafada ya tuna masa da hukuncin kafin ya janye shi. Gidan Korau ya koma ƙera takobi, kuma an ce suna da kyau. Ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

A nan tafiyar Tunau ta tsaya, a nan ma bakinsa zai tsaya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wani ya kama hannuna ya kai ni ɗaki, ina so in kwanta.